Kulin Inna Bintu da Jan Ruwan Dakta

Inna ba ta soya gyaɗar da ba ta tsince ba. Haka na tashi na same ta. Za ta zauna a tsakar gida ta miƙe ƙafa, faifai a cinya, tana bin gyaɗa ƙwara-ƙwara. Wadda ta yi baƙi, wadda ta motse, wadda ta yi funfuna, duk sai ta jefa su cikin wani tsohon gwangwani da ke gefenta. In ya cika ta juye a murhu. Ko kaji ba ta ba su. Matan layinmu na Fagge har tsokanarta suke yi, wai Inna Bintu da gyaɗa kamar mai zaɓen suruka. Ita kuwa sai ta ce, "Abin da ba zan sa a bakina ba, ba zan sa a bakin ɗan wani ba."

Tun rasuwar Baba da wannan sana'ar muke ci. Inna ta tsince, ni in soya, in murje, in kai niƙa, mu tatse mai, mu murza kuli. Yawancin kulin Alhaji Sammani ke ɗauka, mai shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa. Shi ya ba mu shawarar mu buga leda mai suna, don masu sari daga wasu garuruwa sukan dawo su ce a ba su irin na rannan. Aka buga mana: Kulin Inna Bintu, Fagge, da lambar waya a ƙasa. Wayar tana hannuna, ni Ummakulsum, don Inna ta ce ita ba ta iya magana da wanda ba ta ganin fuskarsa.

Wata safiya muna cikin tsinta sai ga sallamar Dakta Chiamaka. 'Yar Mama Agnes ce, mai sayar da garin rogo da manja a Sabon Gari, wadda ta daɗe tana sayen man gyaɗa a wurin Inna. A Kano aka haifi Chiamaka, Hausar bakinta ta fi tawa gudu. Ta yi karatu mai nisa, tana koyarwa a jami'a, amma in ta shigo gidanmu tabarma take ja ta zauna.

Bayan gaisuwa ta leƙa gwangwanin nan, ta ce, "Inna, wannan na zo roƙo."

Inna ta ce, "Wanne? Ruɓaɓɓiyar? Ke 'yar nan, yunwa ake yi a jami'ar taku?"

Dakta ta yi dariya. Ta ce funfunar da ke kama gyaɗa tana barin wani dafi a ciki, ba ya wari, ba ya ɗaci, wuta ma ba ta kashe shi, a hankali yake cin hantar mutum. Kafin a gano shi sai an kai abinci babban ɗakin gwaji, ga tsada, ga jira. Ita kuma tana ƙoƙarin haɗa wani gwaji mai sauƙi da za a iya yi a bakin kasuwa. Don haka tana neman gyaɗar da ta tabbata ta lalace, ta ga ko gwajin zai kama.

"A kasuwa kowa ɓoye tasa yake yi, ko ya cakuɗa da mai kyau," in ji ta. "Ke kaɗai na sani mai warewa."

Inna ta ji daɗin maganar, na gani a fuskarta. Dakta ta kai hannu za ta ɗauki gwangwanin, Inna ta buge hannun.

"Haba! A gidana a miƙa wa baƙo abu a gwangwani mai tsatsa? Uwarki ta ji ta ce me? Kulsum, ɗauko sabuwar leda."

Na ɗauko ɗaya daga cikin ledojinmu masu suna, don su ne sababbi, su ne masu kyau. Inna ta juye ruɓaɓɓiyar gyaɗar a ciki, ta ƙulle da kyau. Ta cika wata ledar da kuli ta ce a kai wa Mama Agnes. Sannan ta ce in riƙe wa Dakta kayan in raka ta, ba a barin babba da kaya.

Muka hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari. Wurin aikin nata ɗaki ne a bayan wani ɗakin gwajin jini, ta kama shi saboda suna da wutar sola, firji ba ya mutuwa. A nan na fara ganin Usaid, ɗalibinta, dogo mai farar riga da waya babba. Na gaishe shi, ya ce "yawwa" bai ɗago ba.

Na ajiye kayan zan juya, Dakta ta ce, "Tsaya ki ga abin da gyaɗar Inna za ta yi."

Ta buɗe firji ta ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ta ce abin da ke ciki sunansa aftama. Wani siririn zare ne da ido ba ya gani, an yi shi da irin abin da ke cikin ƙwayar halittar kowane mai rai. In ya shiga ruwa sai ya naɗe kansa ya zama kamar hannu, kuma abu ɗaya tak hannun ke kamawa. Ta ce zaren iri-iri ne ba iyaka, aikinsu shi ne su yi ta gwadawa suna zubarwa har su sami wanda ya fi riƙe wannan dafin.

"Kamar tsintar Inna," na ce a hankali.

"Kamar ita," ta ce. "Sai dai Inna ta fi mu sauri."

Ta nuna min wani jan ruwa kamar zoɓo marar kauri. Ta ce ƙurar zinari ce a ciki, zaren ya lulluɓe ta yana kare ta. In aka ɗiga ruwan gishiri kaɗan ba abin da zai faru. Amma in akwai dafi, zaren zai saki zinarin ya koma kan dafin, gishirin ya dunƙule zinarin, ruwan ya canza launi. Usaid ya daka gyaɗar nan, ya jiƙa a wani ruwa mai warin asibiti, ya tace. Aka ɗiga a jan ruwan, aka bi da ruwan gishiri. Ina kallo ya tashi daga ja ya koma shuɗi.

Dakta ta yi tsalle kamar yarinya. Usaid ya ce, "Dakta, wannan fa sai duniya ta gani." Ta ce, "Da saura." Ni dai na koma gida na ba Inna labari, ta ce ikon Allah, ashe shara ma tana da rana.

Aka ɗan kwana biyu, har na manta. Ran nan ina gaban kasko wayar ta yi ƙara. Na ɗauka na yi sallama. Wata mata ta ce, "Ke ce Inna Bintu? Ba ku ji tsoron Allah ba? 'Ya'yana kuke ba guba?" Ta kashe kafin in buɗe baki. Na ɗauka kuskuren lamba ne. Sai wani ya kira, ya zage ni tas. Wani ya ce hukuma na nan zuwa. Wata ta yi ta kuka, wai tana da ciki kuma jiya ta ci kulinmu. Daga ƙarshe wani mai ɗan tausayi ya ce, "Baiwar Allah, ba ki ga bidiyon ba ne?" Ya turo min.

Usaid ne, cikin farar rigarsa. Yana cewa, "Jama'ar Kano, kun san abin da kuke ci kuwa? Ku kalli wannan." Ya ɗiga, jan ruwa ya koma shuɗi. Ya ce wannan sabuwar fasaha ce da suka ƙirƙiro, a yaɗa don a ceci rayuka. A kan teburin, dab da hannunsa, ga ledarmu a tsaye, rubutun ya fito raɗau. Har lambar waya ana karantawa. Bai ce gyaɗar shara ce ba. Bai ce roƙonta aka zo yi ba. Bai yi bayanin komai ba.

Kulin da ke kasko ya ƙone ina tsaye.

Kafin la'asar adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gidanmu, aka sauke duk kulin da muka kai Singa. Alhaji Sammani ya kira da kansa. Ya ce, "Ummakulsum, ki ba Inna haƙuri. Ni na san ta, amma masu saye ba su san ta ba. Tun safe ake dawo min da shi. In na bar shi a shago, sauran kayana ma za a guje su."

Da na nuna wa Inna bidiyon, ta kalla har ƙarshe. Ta ce in sake sa mata. Sannan ta tashi ta kife faifanta, ta shiga ɗaki. Washegari ba a hura wuta ba. Matan da ke aiko da kwalba a zuba musu mai suka daina. Wata maƙwabciya da ta sha cin kulinmu kyauta ta ja jikarta daga ƙofarmu ina gani. Abin da ya fi ƙona min rai, gidajen da na san ko tsinta ba sa yi, suna nan suna suya, hayaƙinsu na shigo mana ta katanga.

Na ce, "Inna, a kira Dakta."

Ta ce, "A'a. Tsakanina da uwarta akwai mutunci. A bar wa Allah."

"Su sun duba mutuncin?"

"Kulsum, na ce a bari."

Ban taɓa tsallake maganar Inna ba. Amma da na ga ta idar da sallar walaha ta zauna a kan darduma hannu a cinya, ba abin tsinta, sai na ɗauki hijabina na ce zan je in dawo. Ba ta tambaye ni ina ba. Ina jin ta sani.

A hanya na shirya maganganu da yawa. Ina isa ƙofar ɗakin duk suka gudu. Na tsaya riƙe da labule har Dakta ta hango ni.

"Ummakulsum! Shigo. Wallahi yau nake cewa zan zo."

Idonta ya faɗa, ita ma da alama ba ta yi barci ba. Ta ce ba ta san Usaid ya ɗauki bidiyon ba sai da ya bazu. Ta sa ya goge, amma ina amfani, ya riga ya shiga wayoyin mutane. Kunya ce ta hana ta zuwa wurin Inna.

Usaid na zaune a kan kujera mai juyi. Ya ce, "Ni fa ban ambaci sunan kowa ba. Wayar da kai nake yi. Kin san mutum nawa cutar hanta ke kashewa? Kuma ai na goge."

Na ce, "Ledar fa?"

"Leda ai leda ce. Su wa suka ce a zuba samfur a ledar kasuwanci? Wannan ai rashin sanin ƙa'ida ne."

Wannan maganar ce ta buɗe min baki. Ban san muryata na iya fita haka ba.

"Rashin sanin ƙa'ida? Don ta girmama malamarka? Da a gwangwani mai tsatsa ta miƙo mata, da kun ce tsohuwa ba ta da tarbiyya. Ta ba ku abin da kuka roƙa, ta sa muku a abin da ya fi kyau a gidanta, shi ne laifin? Kai da ka yi karatun, ba ka iya karanta abin da ke gaban hannunka ba?"

Ya buɗe baki, Dakta ta ce, "Usaid, yi mana shiru."

Na juya wurinta. Na ce abu ɗaya nake so. Ta ɗauki jan ruwan nan ta zo Singa, shagon Alhaji Sammani, ta gwada kulin Inna a gaban mutane, kowa ya ga bai canza ba.

Ta ce, "Ba zan iya ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

Ta ce gwajin bai kammala ba. A kan ɗanyar gyaɗa yana aiki, shi ma ba kullum ba. Amma kuli akwai gishiri, akwai mai, akwai yaji. In gishiri ya yi yawa yana fin ƙarfin zaren, ruwan ya koma shuɗi ko babu dafi ko kaɗan. Matsalar da suke fama da ita ke nan, ba su warware ba. In ta gwada kulin Inna a tsakiyar kasuwa ya yi shuɗi, ta gama kashe ta. Kuma ko bai yi ba, ba ta da hurumin ta tsaya ta ce abincin wani lafiyarsa ƙalau da abin da hukuma ba ta amince da shi ba tukuna.

Na ce, "Wato ya kammala da za a ɓata suna, bai kammala da za a wanke shi ba."

Na matsa kusa da ita.

"Anti Chiamaka, mahaifiyata na zaune a ɗaki ba ta iya fita ƙofar gida. Ku kuma kuna nan firjinku na aiki. In zaren naku bai iya magana ba, ke ai kina da baki. Ki zo ki faɗi abin da kika roƙa da abin da aka ba ki. Shi ma ya zo."

Usaid ya ce, "Ni? Singa? Dakta, masu ba mu tallafi fa suna bibiyar shafina. In aka ga muna ba da haƙuri a kasuwa, firojet ɗin ya mutu."

Dakta ta dube shi. Sannan ta cire farar rigarta ta rataye, ta ɗauko kula ta zuba ƙanƙara, ta jera kwalabenta a ciki. Ta ce, "Tashi. Kai za ka riƙe wannan."

Muka biya ta gida. Na shiga na ɗebi gyaɗar da Inna ta tsince ta ƙarshe, wadda ba mu kai ga soyawa ba. Dakta ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta ce, "Inna, na zo ne." Inna daga ciki ta ce, "Sannu da zuwa. Ya mamanki?" Daga haka ba ta ƙara ba, labulen ma ba ta ɗaga ba. Dakta ta miƙe tana share ido.

Singa da tsakar rana ba masaka tsinke. Masu dako na ihun a ba su hanya, motoci na sauke katan-katan. Alhaji Sammani na ganinmu ya ɓata rai, ya ce shi ba ya son taro a ƙofar shagonsa. Amma taro ya riga ya haɗu, don wani mai shagon taliya da ke kusa, wanda shi ma yakan ɗauki kulinmu, ya gane Usaid.

"Kai! Ga mutumin bidiyo! Likitan kuli! Yau me za a mayar shuɗi?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ku ɓoye sukarinku, jama'a!"

Dakta ta tsaya a kan dakalin shagon ta yi sallama. Ta faɗi sunanta da na mahaifiyarta da layin da aka haife ta. Ta ce ita ta je gidan Inna Bintu da ƙafarta ta roƙi gyaɗar da aka ware za a ƙona, don a duk waɗanda ta sani Inna ce kaɗai ke warewa. Abin da aka gani a bidiyo shara ce, ba kuli ba ne, ba kuma abin da ake kuli da shi ba ne. Laifin nata ne da na ɗalibinta.

Wani dattijo mai sari daga ƙauye ya ce, "To, mun ji. Amma baki ai kowa na da shi. Mu a ruwa muka gani, a ruwa za a nuna mana."

Ta buɗe kular. Na miƙa gyaɗar Inna, ina tuna Dakta ta ce ko a ɗanya ba kullum yake daidai ba. Alhaji Sammani da kansa ya zaɓi wadda za a daka. Usaid ya daka a ɗan turminsu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Aka jiƙa, aka tace, aka ɗiga, aka bi da ruwan gishirin. Na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da na buɗe, ruwan na nan ja.

Aka yi kabbara. Na dafa buhun shinkafa ina hamdala.

Sai mai taliyar nan ya ce, "Ai mu ba ɗanyar gyaɗa muke ci ba. Kulin za a gwada." Ya zaro ledar kulinmu da ta rage a ƙasan kantarsa ya miƙa.

Dakta ta ce, "Wannan ba zan gwada ba."

Nan take wurin ya juya. "Kun gani ko? Akwai abin da ake ɓoyewa." "An haɗa baki ne." "An ba ta cin hanci da kuli!" Alhaji Sammani ya fara naɗe hannun rigarsa yana cewa a watse masa daga shago. Na dubi Dakta. Duk abin da muka samu yana zubewa a gabana, ga ta tsaye riƙe da kwalba.

Ta ce, "Alhaji, kana sayar da gishiri?"

"Buhu nawa kike so?"

"Ɗan tsunkule."

Usaid ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Dakta, don Allah. Ana ɗauka a waya fa."

"Na gani," ta ce.

Alhaji ya farke sabon ƙullin gishiri ya ba ta. Ta ɗaga sabuwar kwalbar jan ruwa kowa ya gani, ba gyaɗa, ba kuli, ba komai. Ta barbaɗa gishirin. Kafin ta sauke hannu ya koma shuɗi, shuɗin da ya fi na bidiyo.

Sai mai taliya ya ce, "Innalillahi! Alhaji Sammani, ashe kai ne mai gubar!"

Dariyar da aka yi har masu dako suka tsaya. Alhaji ya ce, "Kai, ka kiyaye ni! Gishirin da uwarka ke saye?"

Dakta ta jira aka lafa. Ta ce, "Gishirin Alhaji lafiyarsa ƙalau. Abina ne bai gama koyo ba. In gishiri ya yi masa yawa sai ya ruɗe ya yi ƙarya. Kuli kuwa da gishiri ake yin sa, shi ya sa na ƙi. Dafin nan gaskiya ne, yana nan cikin lalatacciyar gyaɗa, ku ji tsoronsa. Wata rana in Allah ya so za mu gama wannan aikin ya amfane ku. Amma yau bai isa ya yanke wa kowa hukunci ba, bai kamata ma ya fito daga ɗaki ba. Ba zan ce muku na auna kulin Inna ba, don ban auna ba. Abin da zan ce, na ga yadda take tsinta da idona, kuma shi muke ci a gidanmu."

Dattijon nan ya ce, "To shi dogon fa? Shi ya yi ɓarin, shi ba shi da baki?"

Aka turo Usaid gaba. Ya ce, "Ina ba da haƙuri in an samu rashin fahimta."

Ban san lokacin da na ce, "Ba rashin fahimta ba ne" ba. Duk aka juyo ana kallona, na ji kamar in nutse cikin buhunan. Amma na riga na fara. "Mutane sun fahimci abin da ka nuna musu sarai. Ka faɗi sunanta. Yadda ka bari aka karanta shi, haka za ka faɗe shi da bakinka."

Alhaji Sammani ya ce, "Yarinyar nan ta yi gaskiya. Kuma a wayarka za ka ɗauka, wadda ka yi na farko da ita."

Ya ɗaga wayar ya faɗa. Ya ce gyaɗar da ya nuna shara ce da Inna Bintu ta ware, ba kulinta ba ce, ya zalunce ta. Muryarsa ba ta fita sosai, aka sa ya maimaita. Ya sa a shafinsa, ya kuma turo min ina tsaye.

Alhaji ya ce in gaya wa Inna ta dawo da kaya, zai sa a shago ya ga abin da Allah zai yi. Ya ce kar in sa rai da yawa, labarin ɓarna doki yake hawa, na gyara kuwa a ƙasa yake tafiya.

Haka kuwa aka yi. Bidiyon farko har garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba ya je. Na biyun, in na nuna wa mutum sai ya ce bai taɓa gani ba. Wanda ya fi yawo ma shi ne na gishirin Alhaji, don shi ke ba da dariya. Na ji an ce masu tallafin sun kira Dakta sun yi mata tambayoyi, aikin nata ya ja baya. Ban ji daɗi ba, amma ban kwana ina tunaninsa ba.

Inna ta hura wuta. Ba ta ce min na kyauta ba, ba ta kuma ce na yi laifi ba. Mama Agnes ta zo da kanta, suka shiga ɗaki suka daɗe, suka fito idon kowacce ja. Rabin masu sayenmu sun dawo. Sauran har yanzu in sun ga ledar sai su ajiye su ɗauki ta kusa da ita, wadda ba suna, ba wanda ya san gidan da aka yi ta balle a tambayi ko an tsince. Alhaji ya ce ko za mu canza suna a ledar, a huta. Inna ta ce sunan da ubanta ya yanka mata rago ba za ta canza shi don wani yaro da waya ba.

Yanzu in na sauke kaya a shagon Alhaji ba na juyawa gida. Ina bin shagunan da suka daina karɓa ɗaya bayan ɗaya. In yi sallama, in jira mai shago ya gama da masu saye, in miƙa masa wayar in ce, "Alhaji, don Allah ka kalli wannan har ƙarshe." Wasu su kalla, wasu su ce in dawo an jima. Wanda ya ce an jima, ina komawa.